An Buga Guduma, Amma Kayan Ya Zama Naka? Darasi Kan Gwanjon Hukuma

A wannan fitowa filinmu na nazari zai leƙa dokar kasuwanci, kos ɗin da 'yan sashen Akanta da na Gudanar da Kasuwanci da na Saye da Adana Kaya da na Kula da Gidaje da Filaye duk sai sun bi ta kansa. Tambayar da na ɗauko guda ɗaya ce: idan hukuma ta yi gwanjon kayanta, ka taya, tayinka ya fi na kowa, amma an rubuta cewa sai na sama sun amince, yaushe ne doka za ta ce kana da haƙƙi a kan kayan?

Na zaɓi batun ne saboda ba a ɗakin jarrabawa kaɗai zai same mu ba. Da yawanmu in mun gama, sana'a za mu kama, kuma gwanjon ma'aikatu da na Kwastam da na kotu yana cikin wuraren da mai ƙaramin jari yake neman mota ko janareta ko kwamfuta da rahusa. Wani kuɗin da ya tara a bautar ƙasa zai zuba, wata kuma adashinta za ta kwasa. Wasunmu kuma su ne za su zauna a kwamitin sayar da kayan, su sa hannu a takardu. Kowane ɓangare ka tsinci kanka, rashin sanin wannan darasi yana iya cinye maka jari ko ya ja wa ofishinka ƙara.

Mu fara daga kara

Duk wanda ya taɓa raka babansa sayen ragon layya ya riga ya san rabin darasin. Kai ne kake tayawa. Mai rago in bai gamsu ba ya ce albarka, in ya gamsu ya ce ya sallama. Kafin wannan kalma ta "na sallama" babu ciniki. Kana iya juyawa ka tafi, shi ma yana iya jan ragonsa ya ƙara gaba. Da zarar ta fito, magana ta ƙare.

To, a ce ba mai ragon ba ne a tsaye, dillali ne. Ka taya, ya ce, "Tayinka ya yi kyau, babu wanda ya kai ka, amma bari in ji daga mai shi." Ragon ya zama naka? Kowa ya san bai zama ba. Dillali ya karɓi tayinka ne domin ya kai, ikon sallamawa yana hannun wani. Waɗanda suka yi karatun fiƙihu za su tuna cewa a mazhabar Malikiyya, in mutum ya sayar da kayan wani ba da izininsa ba, cinikin yana tsayawa ne a kan yardar mai kayan: ya yarda ya zartu, ya ƙi ya warware.

Gwanjon hukuma haka yake. Mai riƙe da guduma dillali ne. Tambayar da za ka riƙa yi kullum ita ce, wa ke da ikon cewa "na sallama," kuma ya faɗa ko bai faɗa ba?

Ƙa'idar gwanjo na yau da kullum

Dokar Sayar da Kaya ta 1893 dokar Ingila ce, amma ta shigo mana cikin dokokin gama-gari da ke aiki a can ranar 1 ga Janairu, 1900. Wasu jihohi sun yi nasu dokokin, sai dai ƙa'idar gwanjo kusan iri ɗaya ce. Sashe na 58 ya ce ciniki yana kammala ne lokacin da mai gwanjo ya sanar da kammalarsa ta hanyar buga guduma ko wata hanya da aka saba, kuma kafin wannan sanarwa mai tayi yana da damar janye tayinsa. Ya kuma ce in an kasa kaya kashi-kashi, kowane kashi cinikinsa daban, sannan mai kaya yana iya yanke farashin da ba zai sayar ƙasa da shi ba.

Shari'u uku za su taimaka maka wajen riƙe wannan. A shari'ar Payne da Cave ta 1789, mai tayi mafi tsoka ya janye kafin guduma ta sauka, kotu ta ce yana da wannan dama, domin tayi ne kawai ya yi ba a karɓa ba tukuna. A shari'ar Harris da Nickerson ta 1873, wani ya taso daga Landan zuwa garin Bury St Edmunds saboda tallar gwanjon da ya gani, ya tarar an janye kayan ofis ɗin da ya zo dominsu. Ya nemi a biya shi kuɗin jirgin ƙasa da ɓata lokacinsa, kotu ta ce ba shi da komai, talla gayyata ce ga masu taya, ba alkawarin sayarwa ba.

Ta ukun ta fi ban sha'awa. A shari'ar Barry da Davies ta shekarar 2000, hukumar kwastam ta Ingila ta ba wani mai gwanjo injuna biyu na gwajin injin mota, aka ce a sayar ba tare da farashin iyaka ba. Kowane ɗaya ya kai kimanin fam 14,000, amma tayin da aka samu fam 200 ne kan kowane. Mai gwanjo ya ga abin ya yi arha da yawa, ya janye su. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tunda an sanar babu farashin iyaka, ya ɗauki alkawarin sayar wa mai tayi mafi yawa, don haka ya biya diyyar fam 27,600. Ku lura, hukuncin kotunan Ingila na bayan 1900 ba ya ɗaure kotunanmu, amma alƙalanmu suna kafa hujja da shi in ya dace.

Abin da shari'un nan suke nunawa shi ne, sharaɗin da aka sanar kafin a fara shi yake mulkin gwanjon. An ce babu iyaka, dole a sayar. An ce sai an amince, to guduma ba ta isa ita kaɗai ba.

Me ya sa hukuma ba ta sallamawa nan take?

Saboda kayan ba na jami'in da ke tsaye ba ne, na jama'a ne. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ware sashe na 55 da na 56 domin sayar da kadarorin gwamnatin tarayya. Ta ce gasar tayi a fili ita ce babbar hanyar karɓar tayi, kuma kafin a fitar da kaya kasuwa sai shugaban da ke da alhakin kuɗin ma'aikatar ya sa ƙwararren mai kimanta kaya ya yi musu kuɗi a rubuce. Bayan gwanjo kuma akan miƙa sakamako ga kwamiti ko hukumar gudanarwa ko minista, gwargwadon darajar kayan da tsarin wurin.

Hikimar a bayyane take. In babu wannan mataki, mutum biyar za su iya haɗa baki su ƙi ɗaga farashi, su ɗauke motar miliyoyi a kuɗin babur. Amincewar na sama ita ce dama ta ƙarshe ta duba ko an yi talla yadda ya kamata, ko farashin ya kai ƙimar da aka yi, ko wanda ya ci ɗan uwan jami'in ne.

Wannan ya haifar da ƙa'idar da nake so ku ja wa layi: jami'in da ba shi da ikon sayarwa ba zai iya ba ka abin da ba shi da shi ba. Ko darakta ne ya dafa kafaɗarka ya ce, "Alhaji ka je ka kwanta, mota taka ce," in doka ta ce kwamiti ne mai amincewa, maganarsa fatan alheri ce kawai.

Amincewa iri biyu ce

Nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, domin kalmar "sai an amince" tana ɗaukar ma'ana biyu, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne.

Iri na farko, amincewar ita ce sallamawar kanta. Takardar sharuɗɗa za ta ce wani abu kamar, hukuma ba ta wajaba ta karɓi tayi mafi yawa ko wani tayi ba, kuma babu ciniki sai an ba da takardar amincewa. A nan saukar guduma tana rufe karɓar tayi ne kawai, ta nuna wane ne a gaba. Sunanka zaɓaɓɓen mai tayi, ba mai saye ba. In kwamiti ya zauna ya ce farashin bai yi ba, a sake gwanjo, ba ka da hurumin tilasta musu su sayar maka, ba ka kuma da diyyar ribar da ka ƙiyasta.

Iri na biyu, an ƙulla ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa, amma an rataye zartuwarsa a kan yardar wani na uku, kamar gwamna ko kotu. A nan akwai yarjejeniya, sai dai mallaka ba ta koma hannunka ba tukuna. Bambancin shi ne mai sayarwa ba shi da damar ya zame ya sayar wa wani saboda ya samu tayi mafi kyau, kuma wanda neman amincewar ya rataya a wuyansa dole ya nema da gaske. In ya nema aka hana, cinikin ya faɗi, a mayar maka da kuɗinka.

Yaya za ka gane wanne ne a gabanka? Ka duba wa zai amince. In mai amincewar yana cikin gidan mai sayarwa, misali kwamitin ma'aikatar ko hukumar gudanarwarta, galibi iri na farko ne, domin mai kayan ne bai gama yanke shawara ba. In kuma na waje ne da doka ta ɗora, galibi iri na biyu ne. Na ce galibi, saboda a ƙarshe kotu kalmomin takardar za ta karanta.

Shari'ar kamfanin ALSCON

Babu misalin da ya kai wannan a Najeriya. ALSCON kamfanin narkar da sanholo ne da ke Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom. A shekarar 2004 hukumar sayar da kadarorin gwamnati, BPE, ta sa kashi 77.5 cikin ɗari na hannun jarinsa a kasuwa. Kamfanin BFI Group na Amurka ya taya dala miliyan 410, ya zama shi ne a gaba. Majalisar ƙasa mai kula da sayar da kadarori, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa ke shugabanta, ita ce mai ikon amincewa, kuma ta amince.

Rigimar ta taso ne a kan biyan kashi 10 cikin ɗari na farko. Abin da aka shirya tun farko shi ne a biya cikin kwanakin aiki 15 bayan an sa hannu a yarjejeniyar sayen hannun jari. BPE kuma ta rubuto wasiƙa ta fara ƙirga kwanakin daga wasiƙar, tun ba a sa hannu ba. Da wa'adin da ta ɗiba ya cika babu kuɗi, sai ta soke cinikin. Daga baya aka sayar wa kamfanin RUSAL na Rasha a kan dala miliyan 250.

BFI ya sha kaye a Babbar Kotun Tarayya, ya sake shan kaye a Kotun Ɗaukaka Ƙara. A watan Yulin 2012 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin. Ta ce an yi tayi, an karɓa, mai iko ya amince, don haka akwai ciniki mai ɗaure kowa, kuma ɓangare ɗaya ba shi da ikon sauya sharaɗin biya shi kaɗai. Ta umarci BPE ta kawo yarjejeniyar a sa hannu, a biya kashi 10 cikin kwanakin aiki 15 daga sa hannun, ragowar kuma cikin kwana 90.

Darasi biyu nake so mu ɗauka. Bayan amincewa ta fito daga mai iko, gwamnati ma ɗaurarriya ce kamar kowane ɗan kasuwa. Ba ta da damar cewa ta fasa don ta ga dama. Na biyu kuma mai ɗaci ne: shekara takwas aka yi kafin wannan hukunci, kuma taƙaddamar aiwatar da shi ta ci gaba shekaru bayan haka. Samun haƙƙi a takarda daban, kama kaya a hannu daban. In kamfanin da ke maganar miliyoyin daloli ya sha wannan jira, ina ga mai taya tsohuwar Hilux? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Zaman jira: me kake da shi, me ke kanka?

Tsakanin saukar guduma da fitowar amincewa ana iya ɗaukar kwanaki, ana iya ɗaukar watanni. A cinikin NITEL na 2010, an buɗe tayi a watan Fabrairu, rukunin New Generation ya zo na ɗaya da dala biliyan 2.5, amma amincewar Shugaban Ƙasa ba ta fito ba sai Oktoba. Daga ƙarshe ma ba a biya kuɗin ba, aka soke cinikin a 2011.

A wannan zaman jira ba ka da kayan, amma ba a ce ba ka da komai ba. Kana da haƙƙin a duba tayinka bisa ƙa'idar da aka sanar. A shari'ar ƙungiyar matuƙa jirgin sama ta Blackpool da Fylde da ƙaramar hukumar Blackpool, a Ingila a 1990, ƙungiyar ta jefa takardar tayinta a akwatin ofis kafin wa'adi ya cika, ma'aikata ba su buɗe akwatin a kan lokaci ba, aka rubuta cewa ta makara. Kotu ta ce hukumar ba ta wajaba ta karɓi tayin ba, amma ta wajaba ta duba shi, tunda ya zo a kan ƙa'ida. Kana kuma da haƙƙin a mayar maka da kafin alƙalaminka in aka ƙi amincewa ba da laifinka ba.

Akwai kuma hanyar koke. Sashe na 54 na dokar 2007 ya ba mai tayi damar kai ƙorafi a rubuce ga shugaban ma'aikatar cikin kwanakin aiki 15 daga lokacin da ya san an saɓa ƙa'ida. In bai gamsu ba ya wuce BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Wa'adin nan gajere ne, wanda ya tsaya bin ofis-ofis yana gaisuwa sai ya wayi gari ƙofa ta rufe. Wannan na tarayya ne. In kayan jiha ne, ka nemi dokar jihar ka duba.

Abin da ke kanka kuma fa? A ƙa'ida kana iya janye tayinka kafin a amince, amma yawancin takardun gwanjon hukuma suna ɗaure ka da kafin alƙalami ko lamunin banki, wanda za ka rasa in ka gudu ko ka kasa biya. A gwanjon lasisin wayar salula da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi a Abuja a Janairun 2001, kamfanoni uku suka ci a kan dala miliyan 285 kowanne: MTN da Econet da CIL. Biyun farko suka biya suka karɓi lasisi. CIL ya tsaya a kan cewa akwai shari'a a kan zangon sadarwar da aka ware masa, bai biya yadda hukumar ta gindaya cikin wa'adi ba, sai ya rasa lasisin, aka kuma riƙe dala miliyan 20 da ya ajiye. Cin gwanjo kenan bai ba shi lasisi ba, abin da ya ba shi dama ce ta biya cikin lokaci.

Wani abu kuma da ake mantawa: a ƙarƙashin sashe na 20 na dokar 1893, asara tana bin mallaka ne, sai in an yi wani sharaɗi daban. Muddin motar ba ta zama taka ba, in aka sace batirinta a harabar ma'aikata ba asararka ba ce. Amma haka nan in ka yi gaggawa ka kawo bakanike ya yi mata garambawul, ko ka karɓi kuɗin wani da sunan ka sayar masa, sannan aka ƙi amincewa, kai ka jiyo. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Gwanjon kotu da na filaye

In kotu ta sa a sayar da gidan wanda ake bi bashi, dokar tarayya da ta tsara aikin masu zartar da hukuncin kotu ta ba da kwana 21 daga ranar gwanjo, wanda a cikinsu ana iya neman a soke cinikin. Mai nema sai ya nuna an yi babban kuskure wajen gudanar da gwanjon, kuma kuskuren ya cutar da shi ƙwarai. In kwanakin suka wuce babu wanda ya nema, cinikin ya tabbata. In an nema kotu ta ƙi, sai ta ba da umarnin tabbatarwa. In ta soke, a mayar wa mai saye kuɗinsa. Bayan tabbatarwa ne kotu take ba da takardar shaidar saye. Don haka wanda ya ci gwanjon gida ranar Litinin ya kai tifar yashi ranar Talata, ya yi azarɓaɓi.

Sannan ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 22 ya hana mai takardar mallakar fili ta gwamna ya sayar ko ya jinginar ba tare da amincewar gwamna ba. Sashe na 21 ya ce filin da ake riƙe da shi bisa al'ada sai da yardar ƙaramar hukuma, in kuma kotu ce za ta sayar sai da ta gwamna. Sashe na 26 ya ce abin da aka yi saɓanin dokar ba shi da inganci. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989, bankin ya tallata gwanjon gidan da aka jinginar masa, Kotun Ƙoli ta ce jinginar ba ta da inganci tunda babu amincewar gwamna, don haka babu abin da zai sayar. A shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995 kuma kotun ta fayyace cewa ba laifi ba ne a yi yarjejeniya a sa hannu kafin amincewar. Abin yana nan a rataye har ta fito. Ka ga iri na biyun da muka yi bayani kenan. Wanda zai taya gida a gwanjon banki, ya tambaya tun farko ko jinginar kanta tana da amincewar gwamna.

Mu gwada

A ce wata ma'aikatar tarayya ta yi gwanjon tsofaffin motoci. Takarda ta ce duk ciniki sai kwamiti ya amince a rubuce. Ka taya naira miliyan 4 a kan bas, aka buga maka guduma, ka ajiye kashi 10 cikin ɗari. Bayan mako uku aka ce kwamiti ya ƙi, saboda an kimanta bas ɗin a kan miliyan 6. Me za ka samu?

Amsa: kuɗin da ka ajiye kawai. Amincewar kwamiti ita ce sallamawa, kuma ba a yi ta ba. Yanzu sauya abu ɗaya: kwamiti ya amince, an ba ka wasiƙa, an ce ka biya cikin kwana 14, amma a kwana na biyar aka ba wani bas ɗin. Nan akwai ciniki, an kuma karya shi. Kana iya neman diyya, wato bambancin farashin da ka taya da farashin irin bas ɗin a kasuwa. Umarnin a miƙa maka kayan kansa kotu ta fi bayar da shi a kan abin da ba a samun irinsa, kamar fili ko kamfani, shi ya sa BFI ya same shi. A jarrabawa ka bi wannan jeri: tayi, mai ikon karɓa, kalmomin sharaɗi, ranar amincewa, sannan magani.

Kafin ka ɗaga hannu

Ka nemi takardar sharuɗɗan gwanjo ka karanta ta tun daga gida, ka gano wa ke amincewa, kwana nawa aka ɗiba masa, da makomar kuɗinka in ya ƙi. Duk abin da za ka biya wa hukumar tarayya ya shiga asusun gwamnati na bai-ɗaya, ka riƙe rasit. 'Yan damfara sun cika Facebook da WhatsApp da sunan gwanjon Kwastam, suna ba da lambar asusun kansu. Kada ka ci bashi mai ruwa ko mai wa'adi a kan kayan da ba a ba ka wasiƙarsa ba. In wasiƙar ta zo, ka duba kwanan wata da sa hannu da wa'adin biya, ka biya kafin ranar ƙarshe, domin daga nan kai ma ɗaurarre ne.

Ku kuma da Allah zai kai kujerar kwamiti, ku rubuta sharaɗin amincewa ɓaro-ɓaro a cikin talla, ku zauna a kan lokaci, in kun ƙi ku faɗi dalili ku mayar wa mutane kuɗinsu. Jan ƙafa a kan kafin alƙalamin talaka zalunci ne, ko da babu wanda ya kai ƙara.

Mai tambaya ko gyara ya miƙa ta ofishin editan mujalla, za mu duba a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a abin da za mu taya.